Ranar da Goggon Biri Ya Gaida Surukina

Masu digiri suna ta surutu kan abin da ke sa wurin wasa na finafinai ya ci kasuwa: wai lilo, wai fitilu, wai hayaƙin ƙarya. Ni da na tsufa cikin rigar goggon biri a irin wannan wuri a Dubai na fi su sani. Mutane su yarda suna cikin fim, shi ke nan. Shi ya sa manajanmu ya kafa doka: wanda ya sa rigar nan ba magana, ba cire kai. Ko uwarka ka gani, biri kake. Ka karya, a kore ka, biza ta bi ruwa.

A gida cewa na yi harkar fim nake. Ban yi ƙarya ba.

Sai ga surukina, mahaifin matata, ya zo daga Kano lodin kwantena. Yana unguwar Al Buteen, ina Abu Hail nan kusa da shi, amma na ƙi zuwa gaishe shi don na san tambayarsa: wane ofis, wane muƙami. Wata Asabar ina cikin dajin roba ina dukan ƙirji, gumi na bin gadon bayana, sai na hango hularsa. Abokin kasuwancinsa ne ya jawo shi kallo.

Surukina ya tsaya a gabana, manaja na gefe. In na yi magana, aiki ya tafi. Tsayawa ƙerere a kan suruki kuwa, ba haka aka rene ni ba. Kafin in gama tunani gwiwoyina sun kai ƙasa. Na durƙusa, na sunkuyar da kan biri, na dunƙule hannu na jinjina masa.

Turawa da Larabawa suka hau tafi, kowa ya ɗaga waya.

Abokin ya ce, "Alhaji, har birin Dubai ya san manya!"

Surukina ya ce, "Ai ya fi mijin 'yata tarbiyya. Wancan ko ƙeyarsa ban gani ba." Ya dafa kaina. "Allah ya yi maka albarka."

Tun da na auri 'yarsa bai taɓa sa mini albarka ba sai ranar.

Manaja ya biyo ni ɗakin canza kaya yana washe baki: "Habibi, wannan za ka riƙa yi kullum!" Yanzu kowane ƙato mai gajeren wando sai na durƙusa masa, layi har bakin ƙofa, gwiwoyina sun ƙare. Hoton kuwa yana bangon falon surukina. Matata ta ce duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa birin, sannan ya kawo zancena.