Ƙoƙon rubutu a zauren Doguwa

Kwana tara muka yi a bayan lori, Bebeji, Kiru, Tudun Wada, ni da wani fasto daga ƙasar Gwalkwas. Ƙarshen shekarun hamsin ne, ban jima da fara koyarwa a birni ba. Malamanmu biyu sun je ƙasarsu sun ga makarantu, shi kuma aka turo shi ya ga namu, aka haɗa shi da ni don ina jin Turanci. Duk garin da muka sauka magana ɗaya ce, zaman lafiya, ilimi, a fahimci juna. Na fassara ta har na koma ina yi ba tare da na saurare shi ba.

Doguwa ce ta ƙarshe, kuma can ne aikin yake. Ana so a buɗe ajin boko na manya, amma magidantan garin duk ɗaliban wani tsohon malami ne, in bai ce a je ba babu mai zuwa. Tun daga Kano shugaban makarantarmu ya ja mini kunne kada in dawo ba amincewar malamin.

Mun isa da hantsi. Zazzaɓi ya riga ya kama faston a hanya, yana rawar sanyi cikin kwat. Aka yi mana shimfiɗa a zauren malamin, muka gaisa har sau uku. Malam ya dubi faston, ya dube ni.

"Ɗan birni, haka kuke yawo da baƙo ba lafiya?"

"Allah ya gafarta Malam, wahalar hanya ce."

Ya jawo allo da tawada, ya yi rubutu, ya wanke a ƙoƙo, ya miƙo masa. Faston ya tambaye ni mene ne. Na so in ce jiƙo ne kawai. Dama haka nake ta yi, a Kiru wani ya tambaye shi yaushe zai musulunta, na ce masa ana tambayar lafiyar iyali. Amma ranar na gaji, ko ƙarya ba na iyawa. Na ce ayoyin Alƙur'ani ne, na neman sauƙi.

Ya riƙe ƙoƙon da hannu biyu. Ya ce in gaya wa Baba ya gode, amma ba zai sha ba, don bai yi imani da abin da ke ciki kamar yadda Baba ya yi ba, in ya sha yaudara ce. Ya ce a yi masa addu'a dai, shi ma zai yi.

Na faɗa yadda ya faɗa, ban gyara ba. A zuciyata na ce shi ke nan, aji ya tafi.

Malam ya karɓi ƙoƙon, ya ce, "To, ba a zubarwa." Ya miƙo mini. "Kai shanye, idonka ya fi nasa ja."

Aka yi dariya, na shanye. Ya sa a dafo wa faston ganyen darbejiya, ya ce in gaya masa wannan ba ruwansa da addinin kowa, ɗaci ne kawai.

Sai ya koma kan ajin da kansa.

"Shi zai koyar?"

"A'a, Malam, wani malami ne daga Tudun Wada."

"Bayan girbi. Mutum shida. Daga La'asar, kuma da an kira Magariba a tashi, ko ana tsakiyar karatu."

Na ce ko a kai goma.

"Shida na ce, ɗana. Ka gaji, kada ka gajiyar da ni."

Sai da muka ƙara kwana biyu kafin zazzaɓin ya sauka. Da na koma Kano shugabanmu ya duba rahoton, ya ce shida kawai? Na ce ranka ya daɗe, su aka samu. Ya sa hannu, na tafi gida na kwanta.