Leshin Hajiya a Kan Kowa

Shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, ba ni da aiki a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi sai barci da tsokanar ƙannena. Yayata, wadda take karatun nas a lokacin, ita ta gaji da ganina a kwance. Wata Asabar ta jefo mini tsohon ɗankwali da almakashi, ta ce, "Tashi in koya miki abin yi kafin ki ruɓe."

Fure ta koya mini. A kifa murfin man shafawa a kan ƙyalle a zana, a yanko guda shida ko bakwai, a ninke kowanne gida huɗu, a zura su a zare a ja, sai su tattaru su buɗe. A dasa maɓalli a tsakiya, a maƙala fil a baya. Nawa na farko, Inna ta ɗaga ta jujjuya, ta tambaya ko kabeji ne. Na goma kuwa da kanta ta soke shi a labulen ɗakinta.

Da ɗankwalayen gida suka fara ɓacewa Inna ta kafa mini doka, sai na koma bin teloli. Akwai wani dattijo a Tarauni mai ɗinkin mata, wanda yake tara mini ƙyallaye a leda, in je duk Alhamis in ɗauka. Wata rana na zazzage ledar, sai ga wani leshi ruwan zuma mai zaren gwal, guntu-guntu, wasu sun kai tafin hannu biyu. Kwana uku na yi a kansa, ina lasar bakin kowane yanki da wutar kyandir don kada ya warware. Fure tara na fitar, na raba wa ƙannena da ƙawayena, domin ana shirin sunan jikar Hajiyar da ke kallon gidanmu. Ɗaya ya rage, maƙwabcinmu mai adaidaita sahu ya roƙa ya rataya a madubinsa.

Ita Hajiyar nan ta shafe wata guda tana ba matan layi labarin kayan da za ta sa ranar suna. Ɗanta ne ya aiko mata daga Dubai, ko a Kantin Kwari babu irinsa, amma ba za ta nuna wa kowa ba sai ranar.

Ranar ta zo. Bayan la'asar tsakar gida ya cika, aka yi guɗa, Hajiya ta fito tana taku ɗai-ɗai. Ina ganinta na gane leshin. Ruwan zuma ne, da zaren gwal.

Ta gaisa da mutum biyu, sai ta tsaya. Leshinta na kan ƙanwata. Ta juya, ga shi a kafaɗar ƙawata. Ta dubi ƙofa, adaidaita na sauke baƙi, Dubai na lilo a madubi.

"Ke, zo nan," ta ce wa ƙanwata. "Wa ya ba ki wannan?"

Yarinyar ba ta ko yi tunani ba, ta nuna ni da cokalin da take cin shinkafa.

Washegari da hantsi Hajiya ta zo ta ce Inna ta ara mata ni. Muka shiga adaidaita har Tarauni. Muka tarar da dattijon yana taka keke.

"Malam, ba kai ka ce yadi biyar da ƙyar ya isa ba?"

Ya zare tabarau, ya dube ta, ya dube ni. "Da ƙyar ya isa, Hajiya. Ƙyar ɗin ce yarinya ta kwashe."

Hajiya ta yi niyyar faɗa, na ga ta cika baki da shi, amma dariya ta riga shi fitowa, har ta dafa teburin yanka. Ni ma na fara, ta harare ni, na haɗiye tawa.

Hukuncina shi ne in bi gida-gida in karɓo furannin, in jera su a bakin shawul ɗin jaririya. Takwas na samo, mai adaidaita ya ce nasa wata fasinja ta cire a Unguwa Uku. Da na kai mata shawul ɗin ta daɗe tana shafa shi. Sannan ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado, cike da ragowar atamfofi da shaddoji tun na aurenta, ta ce in zauna in nuna mata yadda ake yi.

Na miƙa mata murfin man shafawa. Ta dube shi a wulakance, ta aika a ɗauko mata faranti.

"Hajiya, zai yi nauyi a ka."

"Kan naki ne?"

Furen da ya fito ya kusa kai faifai. Ta sa shi a wani biki a Ƙauyen Alu, ya yi ta rinjayar ɗaurinta gefe guda, ta wuni tana tallafe shi da hannu kamar mai ciwon kunne. Da ta dawo ta ce mini mata huɗu sun tambaye ta inda ta saya, kuma ba ta faɗa wa ko ɗaya ba.