Ayarin da Ya Ƙi Rabuwa

Haboba, kakarmu ta wajen uwa, ko ƙofar madarasa ba ta sani ba, amma kar ka ja da ita a lissafi. Lokacin yankan simsim, wato riɗi, in manya sun tafi gonakin Fashaga, bayan magariba sai ta tara mu a rakuba, rumfar tsakar gida, gefen wutar da ta gama toya kisra, wainar dawa irin ta Sudan. Ni da yayana Isiyaku kullum sai mun yi kokawa a kan wa zai zauna jikin ƙafarta.

"Ga ta nan, kowa ya rufe baki," in ji ta. "Kai mai kunnen jaki, da kai nake."

Wai wani ayari ne ya taso daga yamma za shi Makka, mutum dubu biyu da ɗari biyar da ashirin cif. Madugu na ji da wannan adadi. A jera su bibbiyu, ba saura. Uku-uku a akushi, bakwai-bakwai a gadi, tara-tara, goma-goma, duk ba saura. Suna isa bakin kogin Rahad wata mata ta haihu.

Mai jirgi ya ce shi rai yake ƙirgawa, kuma kogin na da sharaɗi: in sawu ɗaya ya bambanta da sauran a yawan mutane, jirgi ya kife. Aka gwada goma-goma, saura ɗaya. Tara-tara, saura ɗaya. Aka sauko har bibbiyu, ɗayan nan yana nan. Sha ɗaya, sha uku, abin ya ƙara dagulewa. Ko dai a haye ɗaya-ɗaya har hajji ya wuce, ko duka a sawu guda, kuma babu jirgin da zai ɗauka.

Wani ya ce a bar mutum ɗaya mana. Madugu ya ce, "Nuna min shi." Ba wanda ya ɗaga yatsa. Sai suka sauke kaya, suka sare daji, suka shuka dawa.

"Shi ya sa kuke nan kuna cinye min kisra, ba a Makka ba."

Isiyaku ya ce, "Haboba, da ni ne sai in ce a bar ni."

Ta kwaɗa masa mafici. "Wawa. Kai ka zauna, su kuma su yi ta ɗaukar ka a kai har kabari?"

Na girma na zama direban lori. Kasala, Bor Sudan, Habasha, har Injamena, ba inda ban ci ful, dafaffen wake, ba. Da yaƙi ya iso Madani, na je kwaso namu, Isiyaku da iyalinsa. Lori ya cika har saman kai, ga wata tsohuwa maƙwabciyarsu tsaye a ƙasa. Isiyaku ya diro, ya ɗora ta a wurinsa.

"Ja mota, ya zol, mutumina. Ka dawo sawu na biyu."

Na ja. Washegari hanya ta rufe. Wayarsa ba ta ƙara shiga ba, kuma ba wanda ya zo mana da labari, mai daɗi ko marar daɗi.

Kwanaki na ba 'yata Nafisa tatsuniyar, ita da ke koyar da hisabi, wato lissafi, a nan Gadarif. Ta ja biro, ta ce, "Baba, ai dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya adad awwali ne. Ba ya rabuwa sai da ɗaya, sai da kansa."

Na ce Haboba ta riga ku. Ta yi dariya. Ni ma na buɗe baki kamar mai yi.

Yanzu mu sha biyu ne a gidan, da matar Isiyaku da 'ya'yansa. In an kawo abinci nakan ƙirga. Bibbiyu, uku-uku, huɗu-huɗu, shida-shida. Ba saura.