Ƙaho a Kan Ƙafa Uku

Hannuna na hagu ya karye ne a shekarar da motar albasa ta kife da mu tsakanin Aliero da Jega, lokacin duk muna cikin Jihar Sakkwato. Masu ɗori na Aliero sun yi aikinsu, ƙashi ya haɗe, amma hannun bai ƙara ɗaukar nauyi ba. In na ɗaga bindiga, kafin in daidaita ido bakinta ya fara rawa kamar kan ƙadangare. Ni kuwa tun ina saurayi nake harbi.

Da aka kawar da amfanin gona, maharba suka fara shirin shiga daji, na je gaida Sarkin Baka, shugabanmu, abokin mahaifina. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Ɗana, aje bindiga," in ji shi. "Daji bai son mai hannu guda."

Na ce, "Baba, hannu ɗai ya karye, ido na nan."

"Ido shi ka riƙon bindiga?"

Mutanen zaure suka kwashe da dariya. Na yi sallama na fito, ban sha ruwan da aka kawo mini ba.

Na fara gwada ɗora bindiga a kan gwafa, irin wadda ake tokare rumfa da ita. Ta ɗauke nauyin, sai dai tana karkata dama da hagu, hannun da zai tsai da ita kuwa shi ne marar lafiyar. Ina cikin wannan damuwa na ga wani safiyo yana awon hanya a wajen Jega. Kirista ne, mutumin kudancin Zariya, ma'aikacin ofishin filaye. Ya kafa abin awonsa bisa ƙafafu uku, yana juya shi da ɗan yatsa, abin ko gezau. Na jingine kekena na matsa, na gaya masa abin da ke damuna. Bai yi dariya ba.

"Ƙafafun ba wuya, Malam, gora ma ta isa," ya ce. "Kan shi ne magana. In ya yi nauyi, da kanka za ka bar shi a gida. In bai juya ba, nama ba zai tsaya jiranka ba."

Na sare gora uku na nufi Jiga Makera wurin wani maƙeri da ke yi mana gyaran bindiga. Ya ƙera mini kai na baƙin ƙarfe. Kafin in kai gida kafaɗata ta gaya mini gaskiya, ga shi kuma da bindiga ta taɓa shi sai ƙara, wadda za ta kori ko kurman zomo. Muka narka tsohuwar tukunyar sanholo muka zuba wani kan. Wannan ba nauyi, amma yana walƙiya a rana, harbin gwaji na farko kuma ya tsage.

Ranar kasuwar Jega, a layin mahauta, na ga kan wani ƙaramin sa an yar da ƙahonin haɗe da ƙashin tsakiyarsu. Gwafa ce Allah Ya riga Ya ƙera. Na ɗauka na kai wa maƙerin.

"Ƙaho?" ya ce. "Ni ƙarfe nika ƙira, ba ni wasan yara."

"Huda mini tsakiya kawai, sauran nawa ne."

Ya huda yana gunaguni. Muka zura ƙarfen tsakiyar tayar keke, muka ɗaure da noti, na naɗe cikin ƙahon da fata don kada ya yi ƙara.

Mijin ƙanwata yana da gonar rogo a Gumbin Kure, wajen Maiyama, wani mugun dawa, wato aladen daji, ya addabe shi da tono. Na tafi da sassafe tare da safiyon, wanda ya zo da madubinsa na hangen nesa. Muka ɗora madubin cikin ƙahon, na ga bakin daji kamar a tafin hannuna. Da dabbar ta fito na sauke madubi na aza bindiga. Sai dabbar ta gusa gefe, na juya, kan ya ƙi juyawa, ashe na matse notin da yawa. Na harbi iska.

Kafin in koma gida labari ya riga ni. Yaran maharba suka sa mini suna mai ƙafa biyar. Matata ta ce, "Malam, ko ka haƙura?" Na ce ta miƙo mini man gyaɗa. Na sassauta notin, na shafa mai, na yi ta juya kan a tsakar gida har ya zama yana bin kafaɗata.

Na koma gonar ni kaɗai, na yi ta komawa. Ranar da mugun dawan ya fito, bindiga ta bi shi a hankali har ya ba ni haƙarƙari. Harbi ɗaya. Naman na aika wa safiyo da mutanen cocinsu, tunda mu ba ma ci. Haurensa kuwa na kai zauren Sarkin Baka na ajiye a gabansa.

Ya juya shi da sanda. "To, kai ka harbe shi ko itacen?"

"Baba, a aika itacen daji shi kaɗai mu gani."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Sarkin Baka ya ce in ina son fita da su, in bar tarkacena a gida. Na ce na gode, ni da tarkacena tare muke tafiya. Ban sake bin ayarinsu ba. Masu gonaki daga Gehuru har Maiyama su suka riƙa aiko mini, ina ɗaure gorar a bayan keke in tafi, har dajin ya zama gonaki, naman ya ƙare.