Barewa Uku da Saƙon da Ban Isar Ba

Shekara goma ke nan da muka kai mahaifina, Malam Audu majemi, makwancinsa a bayan ganuwar Birni. Kaɗan ne za su gane sunan, sai dai malaman zaure da suka yi salla a kan buzunsa da dukawan da suka yi ta yanka jar fatarsa. A ƙarshen farin farko ya rasu, ga ni kuma ina rubutu a tsakiyar na biyu. Na roƙi wannan fili ne saboda wata magana da ya ba ni in isar, ban isar ba.

A waccan shekarar ina kolej a nan Damagaram. Malaminmu na kimiyya anasara ne, Mushe kawai muke ce masa. Ni ya ba makullin ɗakin da ake ajiye kwalabe da ƙasusuwa, wai rubutuna da tsabta kuma ba ni da surutu. Wata rana ma'aikatan gandun daji suka kawo masa fatun barewa uku daga wajen Damagaram Takaya. A bakin wata rijiya aka same su kwance, ƙishi ya kayar da su, aka yanka su kafin rai ya fita. Mushe ya ce zai cusa musu tsumma ya tsayar da su kamar masu rai, don ya ga alamar nan gaba yara ba za su ga barewa a daji ba.

Alif ɗin da yake da shi, wannan farin dutse da ake tace ruwa da shi, na fata ɗaya ne kawai. Ita ya jiƙa da kansa yana bin littafinsa. Ta biyu ya sa gardin makaranta ya shafe ta da gishiri ya shanya a inuwa. Ta uku ya tambayi ajinmu ko akwai wanda ya san majemi. Na sunkuyar da kai. Gardi ne, daga bakin ƙofa, ya ce ai ga ɗan Audu nan zaune a layin gaba. Shekara uku ina makarantar, ban taɓa gaya wa kowa sana'ar gidanmu ba. Kullum sai na wanke hannu sau biyu da sabulu kafin in taɓa kaye, wato littafin rubutu, ko da ban je kusa da majema ba.

Baba ya karɓi fatar, ya ɗaga ta a rana ya daɗe yana kallo. Ya ce dabbar da yunwa ta ci fatarta sirara ce, ba ta son gaggawa. Ya kuma ce in gaya wa Mushe shi aikinsa a fata ya tsaya, tsayar da abu kamar mai rai kuwa tsakanin Mushe ne da Ubangijinsa. Bai sa ta a ruwan toka ba, tunda toka ita ke tuge gashi. Irin aikin buzu ya yi mata. Ya kankare cikin a hankali, ya sa Inna ta daka bagaruwa ta yi laushi, ya riƙa shafa ruwanta ta gefen nama safe da yamma, yana naɗewa yana murzawa. Kwana ashirin da wani abu aka yi ana haka, a lokacin da ruwan sha ma sai an bi layi. Daga ƙarshe ya shafa mata man gyaɗa, ragowar wanda Inna ke ɓoyo don miya. Ta yi mita, ya ce mata barewa baƙuwa ce, ba a hana baƙo mai.

Sai dai bagaruwa ba ta ratsa fata ta fita ba tabo. Farin cikin barewar ya koma kamar ruwan goro, ƙarƙashin wutsiyar ma haka.

Ranar da aka kai ta, Baba ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya tarar sauran biyun an riga an tsayar da su a kan katako, an cusa musu tsumma da audugar rimi, don ciyawa a shekarar ta fi ƙarfin a cusa wa matacce. Ta alif fara tas, har walƙiya take. Ta gishiri ma ba laifi. Mushe ya shimfiɗa ta Baba a tebur a gaban aji, ya nuna cikin, ya ce an ɓata ta, ba wannan ne launin barewa ba. Wasu 'yan baya suka toshe hanci. Baba bai kula su ba. Ya je ya latsa wuyan ta alif da yatsa, ya shinshina ta gishiri, sannan ya juyo gare ni, ya kira ni yadda ake kiran ɗan makarantar boko a nan.

"Ɗan lakwal, gaya masa fari ne ke rufa wa aikinsa asiri. Wannan ta gishiri ranar da hadari ya haɗu za ta fara zufa. Tasa ta alif za ta jima kaɗan, amma ba a jeme ta ba, an dai sa mata barci ne. Ya jira damina, sannan mu yi maganar launi."

Na dubi hannun Baba, baƙi ƙirin da bagaruwa har farce, na dubi 'yan ajinmu. Sai na ce wa Mushe da Faransanci Baba yana ba da haƙuri. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Mushe mutumin kirki ne, ya dafa kafaɗar Baba ya ce ba komai, kowa yana kuskure. Aka tsayar da tamu a can lungu, cikinta yana fuskantar bango. Kafin mako labari ya kai majema cewa Audu ya ɓata fatar anasara har ya roƙi gafara. Abokan aikinsa suka riƙa tsokanarsa da mai rinin barewa. Yana dariya tare da su, amma na lura daga nan ya daina tsayawa hira bayan la'asar.

Bai ga daminar ba. Fatun dabbobin da fari ya kashe suka yi wa majema yawa, ya yi ta aiki cikin ƙura da toka da ciki rabi, tari ya kama shi, ya tafi da shi kafin ruwan farko. Mushe ma a ƙarshen shekarar ya koma ƙasarsu, ban san inda yake ba.

Makullin ya zauna a hannuna, na buɗe kaye na musamman don rubuta abin da zai sami fatun. Daminar farko da aka yi ruwan kirki, ta gishiri ta jiƙe kamar an yayyafa mata ruwa. Gashi ya fara zuba a tafin hannu, wari ya tashi, a damina ta biyu ƙafafunta na gaba suka zama tsirara. Ta alif ta yi shekara huɗu tana ba ni kunya, ina zuwa ina dubawa ban ga komai ba, har na fara tunanin ko Baba bai canka ba. A ta biyar ɗinkin wuyanta ya buɗe. Laima ta shiga ta fita, fatar ta ƙage kamar takardar da ta sha ruwa ta bushe, gefen idanun ya tsage, kunne ɗaya ya karye. Bayan na wuce jami'a a Yamai, duk hutu nakan je in roƙi gardi ya buɗe mini. A hutun bana na latsa wuyan ta Baba, yatsana ya shiga ya fito, fatar ta koma yadda take.

Ba zan ce ba za ta lalace ba. Asu ya taɓa bakin kunnenta, launin ya ƙara duhu, kuma ban san shekara nawa suka rage mata ba. Abin da na gani kawai na rubuta: gishiri damina biyu, alif biyar, bagaruwa goma da 'yan watanni, tana nan.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Fari ya dawo, hanyar Dogo da ta Droum cike da gawar shanu, fatu sun sake taruwa. Samarin majema sun sami wani gari na buhu da ke gama fata cikin kwana biyu. Ban san ƙarkonsa ba, su ma ba su sani ba, don tun da ya shigo ba a yi daminar da za ta gwada shi ba. Ina jin ba zai zage su ba. Zai latsa, ya shinshina, ya tambayi wa zai shimfiɗa ta da kuma shekara nawa yake so ya yi a kanta. Barewa kuwa mafarauta sun ce sai an yi nisa arewa. A nan Mushe ya yi gaskiya.

Sabon daraktan makarantar ya so a zubar da lalatattun biyun. Na yi ƙarfin hali na shiga ofishinsa, na roƙe shi ya bar su kusa da ta ukun, don ita kaɗai ba ta bayyana komai. Ya tambayi ina ruwana. Na ce mahaifina ne ya jeme ta. Ya yarda, aka juyo da ita daga bango.

Da na koma gida na sami Inna tana tsince gero, na zauna na gaya mata abin da na yi a gaban aji, tun daga farko. Ba ta ɗaga kai ba.

"Ai ya sani," in ji ta. "Da ya dawo ya ce mini, na ba yaron nan zance mai tsawo ya mayar da shi loma ɗaya. Na ce bari in yi maka faɗa, ya hana. Ya ce ki bar shi, a cikin 'yan lakwal zai zauna gobe, ba ni ba."

Wata uku ya yi bayan nan muna cin tuwo a kwano ɗaya, yana tura mini gefen da ya fi miya, bai taɓa tayar da zancen ba. Fatar zan iya auna ta in rubuta a kaye. Wannan kuwa ban san yadda ake auna shi ba. Allah ya jiƙan Malam Audu majemi. Bai ɓata fatar nan ba, bai kuma ba kowa haƙuri ba. Ni ɗansa ne na faɗa a bakinsa.