Alkawarin da Dakta Falmata ta yi wa Baba

Ina tsaye a ɗakin gwaje-gwaje ranar Talata da hantsi wayar ƙanenta ta shigo: Allah ya yi wa Dakta Falmata rasuwa a gidansu na Mandawari, jana'iza bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe a tsaye ban iya cire safar hannuna ba.

Shekara shida ina ɗalibinta. Aikinta shi ne kwatanta ƙwayoyin halittar gado na ƙari, wato tsiron ciwon da ke fitowa a ƙwaƙwalwa, da na lafiyayyen nama, a ga waɗanne suke aiki fiye da kima, waɗanne suka yi shiru. Takan ce, "Ba ka gane mai ihu sai ka san muryar unguwa ranar da ake zaman lafiya." Ba ta da wasa a bakin aiki. Ka rubuta lambar kwalba a karkace, sai ka sake, ko kai wane ne.

Amma ta dalilin mahaifina na san ko ita wace ce. Da aka ga ƙari a kansa aka sa ranar tiyata, ta nemi ya yarda a ba ta abin da za a ciro, wato ƙarin da kuma ɗan lafiyayyen naman da dole likita ya yanka kafin ya kai gare shi. Baba ya ƙi. Na yi bayani har bakina ya bushe, ya ce boko ya cinye ni. Sai ta zo gidanmu na Dukawuya da ƙafarta, ta durƙusa a zaure ta gaishe shi.

Ya ce, "'Yata, naman mutum fa mutum ne. In kin gama, bola za ki kai shi?"

Ta ce, "Wallahi Baba, abin da ya rage a farin ƙyalle zan naɗe shi, a binne shi kamar yadda ake yi wa ɗan Adam."

Nan ya yarda. Daga ranar haka ta riƙa yi wa kowa. Da yake mata ba sa shiga maƙabarta, ita ke naɗewa da hannunta, ƙanenta ya kai.

Baba ya rasu bara, aikin bai ƙare ba, naman nasa na nan a firiza. Da ciwo ya kwantar da Dakta na je duba ta a gadon asibiti, ko ciwonta ba ta ambata ba. Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Sani, na Baba saura gwaji ɗaya. Na rantse masa, kada ka bar ni in je da shi a wuyana."

Jiya na yi gwajin ina kuka. Yau da safe na naɗe sauran, na binne kusa da kabarin mahaifina. Malama, an sauke.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba Hajiya mahaifiyarki da 'ya'yanki uku haƙurin wannan rashi, ya raya su bisa amanar da kika riƙe. Amin.