Shekarar da Na Yi wa Baba Ƙaryar Sawu

Mahaifina shi ne sarkin bakan ƙauyenmu, can wajen Kusasu, kuma shi da bakinsa ya hana farauta a dajin da ya fi ƙauna a duniya. Abin da ya jawo haka abin takaici ne. Wasu magidanta biyu, da gemunsu da komai, suka bi burgu har rami a tsakiyar bazara, suka cusa masa wuta don hayaƙi ya fito da shi. Kowa a yankinmu ya san in za a ƙona daji da wuri ake yi, ƙarshen kaka, ciyawa da sauran ɗanyenta, wuta ta lasa sama-sama ta mutu. Su kuwa sai da gamba ta bushe ƙayau. Kwana uku wutar tana ci. Burgun ma ba su kama ba, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Da wutar ta mutu, Baba ya shiga ya duba, ya dawo ƙafafunsa baƙi ƙirin har gwiwa. Bai ci tuwo ba. Washegari ya tara maharba a gindin ɗorawa, Musulminsu da Kiristansu, ya ce ba kare, ba tarko, ba bindiga sai namun daji sun dawo. Kowace shekara bayan girbi shi zai je rafi ya duba sawu, in ya gamsu ya buɗe. Haka ya gada daga nasa uban.

Ni malamin firamare ne, ban gaji harbi ba, amma a gefen wannan daji na girma kuma ina kewarsa. Da can, in ranar fita ta zo, tun hantsi gari ke cika da haushin karnuka da kirari. Kafin la'asar an dawo da gada, da zomo, da zabin daji rataye a sanda. Ba gidan da tukunyarsa ba ta ganin nama, har gidan gwauro. Mahaifiyarmu takan gasa hantar gada da barkono ta hana mu taɓawa, wai ta mai gida ce, shi kuma ya kira mu ɗaya bayan ɗaya ya raba mana.

Damuwata ita ce idon Baba. Yanar ido ta fara rufe masa shi tun kafin wutar, kuma kullum gaba take yi. An kai shi asibiti, ba a dace ba. Ya kuwa sha faɗa mana cewa burinsa bai wuce ya sake fita sau ɗaya ba, ya ga gada da idonsa ya saita ta. Duk shekarar da dajin ya ƙara a rufe, daga cikin ganinsa ake cire ta.

Shekara ta farko ya je rafi ya ce a'a. Ta biyu ma haka. Maharba suka fara gunaguni, wasu na cewa tsufa ne ya sa shi taurin kai, wasu na tsoron in an jima 'yan wasu ƙauyuka za su riga su cinye abin da ya dawo. A ta uku ya ce in ɗauke shi a babur, don ba ya iya gane hanya shi kaɗai.

Mun isa rafin da sanyin safiya. Daji ya yi kore, amma manyan kaɗanyun da na sani duk sun zama kututture. Ni ɗan fari ne, Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya tsokane ni da aikina.

"To, Malam, karanta mini allon nan," ya ce, yana nuna laka da sandarsa.

Na duba. Sawu kaɗan ne ƙwarai, duk a wuri guda. Na kalli idonsa da ya yi fari-fari, zuciyata ta karye. Na ce, "Baba, sawu ba ya ƙirguwa. Ga na gada ko'ina, ga na mazo, har da na gwanki."

"Har da gwanki?"

"Har da shi."

Sai ya miƙo mini sandar, ya durƙusa da ƙyar, ya shiga shafa lakar da yatsunsa. Ya rarrafa gaba kaɗan, ya sake shafawa. Ina tsaye, kunya kamar in nutse.

"Gada ɗaya ce, da ɗanta," ya ce. "Jiya ta zo, shekaranjiya ma ita ce. Wancan kuwa da kake kira gwanki, ɗan maraƙin Fulani ne. Haka kake koya wa yaran mutane?"

Na ce, "Baba, baɗi ba za ka gani ba."

"Na sani. Kai kake zaton ban sani ba? In na buɗe yau, karnuka arba'in za su sauka a kan uwa ɗaya. Ɗaga ni mu tafi."

Bai yi mini faɗa ba, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Da ya yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi. A kan babur na yi ta hawaye, ina cewa iska ce.

Sai bayan shekara biyu ya buɗe, da yatsunsa ya tabbatar, lokacin ko fitila ba ya gani. Ranar fita na zauna da shi a zaure. Maharba suka biyo ta ƙofar gida suka gaishe shi, ya sa musu albarka, suka wuce. Muna jin karnuka suna nisa.

"Ina suka nufa?" ya tambaye ni.

Na ce, "Wajen rafi, Baba."

"Sun yi daidai." Ya ɗan saurara, sannan ya laluba hannuna. "Malam, fitar mini da tabarmar nan waje, ka juya ni in fuskanci can."